"Ni hwa ba ni da kaya": tarihin wata magana ta matan Tawa

Wata Asabar bayan ƙaramar salla aka yi bikin ɗiyar gwaggonmu a unguwar Bilbis. An ce mata su hallara bayan la'asar. Tun azahar Yayata ta yi wanka, ta shige ɗaki, ta buɗe akwatuna uku ta zazzage su bisa gado. Da na leƙa wajen ƙarfe huɗu na iske ta zaune da ɗaurin ƙirji, ta yi tagumi, tufafi jibge kewaye da ita awa mai saida bosho a kasuwar Lahadi. Na ce, "Yaya, har yanzu?" Ta ɗago ido ta ce, "Mi za ni sa? Ni hwa ba ni da kaya."

Ƙanenmu da ke wucewa ya tuntsire da dariya, ya ce mata ke nan. Kaka kuwa tana bisa tabarma a tsakar gida tana ɓarar gujiya, ko waiwayowa ba ta yi ba ta ce, "Ni da zane biyu anka kai ni ɗaki, kuma ban taɓa makara wurin buki ba."

Na yi dariya ni ma, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don ni kaina kusan kullum da safe sai na yi irin wannan tsayuwar kafin in fita zuwa jami'a. Maza suna cewa rashin godiya ne. Masu ba da shawara cikin waya suna cewa mace ba ta san abin da ya dace da jikinta ba ne, ta koyi haɗa kala. Ni dai na ga Yaya ta san haɗa kala sarai, kuma ba marar godiya ba ce. Da na bi tsofaffi da tambaya, na kuma duba abin da aka rubuta game da Adar, sai na fahimci cewa kowane tufa da ke bisa gadon nan wani zamani ne ya kawo shi, kowane kuma yana da masu tsaronsa da ke raye, waɗanda za su kasance a wurin bikin. Mace ɗaya ce, jiki ɗaya, alƙalai kuwa sun fi biyar.

Kaka haihuwar wani ƙauye ce kusa da Barmu, arewa maso gabas da Tawa. Ba ta san shekarar haihuwarta ba, ta dai ce tana budurwa aka ce Nasara sun tafi, ke nan wajen 1960. A ƙuruciyarta, in ji ta, tufa daga gona yake fitowa. Ana shuka kaɗa a fadama, mata su gurje ta, su yi shiɓa, su yi kaɗi da mazari da daddare ana hira. In zare ya taru a kai wa masaƙi, ya saƙo ƙyallaye sirara, a haɗa su a ɗinke, a kai marina in da hali. Zane guda aikin watanni ne. Yarinya ƙarama ɗan bante da jigida sun ishe ta. Budurwa ta ɗaura zane, matar aure ta ɗaura a ƙirji ta ƙara gyauto in za ta fita, mai goyo ta nemi majanyi. Riga ba kowa ke da ita ba. Adon yana wurin kitso, da lalle, da kwalli, da murjani, da mundaye, da zanen fuska da ke faɗin ko ke ɗiyar wane gida ce.

Kar wani ya ce wannan zamanin 'yanci ne. Kaka ba ta sha wahalar zaɓe ba don ba a ba ta zaɓin ba. Tufa a lokacin shaida ce ta matsayi: da an hango mace daga nesa an san budurwa ce ko matar aure, ɗiyar talaka ce ko ta gidan sarauta, ɗiya ce ko baiwa. Wannan na ƙarshe ba mu cika son ambatonsa ba a Adar, amma yana cikin tarihin. Matan da ake kira wahaya, waɗanda ake saye a ajiye bayan mata huɗu, a wasu gidaje akan sa musu ƙaton ƙarfen tagulla a ƙafa don kowa ya sani. Kuma ba labarin da can can ba ne: a 2008 ne kotun ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita tana yarinya a wannan jihar tamu, kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta. To mace irin wannan ko wanne zane ta ɗaura, ƙafarta ta riga ta yi magana.

A ƙasan akwatin Kaka akwai wani baƙin zane naɗe cikin takarda, wanda ta gada wurin uwarta. In ka taɓa shi yatsunka sai su yi shuɗi. Turkuɗi ke nan. Ba a Adar aka yi shi ba. Ƙasar Kano ce uwar wannan sana'a, musamman garin Kura, inda ake rina ƙyalle da baba har ya yi baƙi, a sa shi bisa gungume a yi ta bugu da shuni har ya riƙa walƙiya. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya iso Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Murzuk da Ghat da Tarabulus, ya kuma ƙiyasta cewa Tambutu kaɗai tana karɓar kayan raƙumi wajen 300 a shekara. Manyan masu sayen irin wannan baƙin kaya Abzinawa ne, mu kuwa a bakin ƙofarsu muke. Tun 1674 da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci Adar da yaƙi ya kafa sarautar da daga baya ta zauna Illela, ƙasar nan take cuɗanya da mutanen Abzin. Wanda ke son dogon bayani ya nemi littafin Djibo Hamani na 1975 kan Adar kafin zuwan Turawa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, ganin kyau na Buzaye ya shiga idon Adarawa. Shunin da ke zuba a fata, wanda yarinyar yau za ta ce ya ɓata mata jiki, shi ne abin alfahari, don yana nuna an kashe dukiya. Kaka ta ce uwarta sau uku ko huɗu kacal ta ɗaura zanen nan a rayuwarta. Sauran lokacin yana ajiye, ana jiran ranar da fari zai zo a musanya shi da hatsi. Ku riƙe wannan, za mu sake cin karo da shi: tun fil azal mafi tsadar tufan mace a nan ba don sawa aka saye shi ba.

Sai batun lulluɓi. Yawancin sa'o'ina suna zaton gardamar rufe jiki jiya ta fara. A'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, nan kusa da Galmi, cikin jihar Tawa ta yau. Da jama'arsa ta yi ƙarfi a Gobir, maƙwabciyarmu ta kudu, sai Sarkin Gobir Nafata ya kafa doka a ƙarshen shekarun 1790, cikinta har da cewa maza su daina naɗa rawani, mata su daina yafa mayafi. Sarki bai ji tsoron ƙyalle ba, ya dai gane cewa mayafin ya zama tuta, ana ƙirga magoya bayan Shehu da shi a kasuwa. Bayan jihadin 1804 kuma abin ya juye, lulluɓi ya zama alamar gidan malamai da masu mulki. Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, da ta kafa 'yan taru don karantar da matan ƙauye, sai ta riƙa naɗa wa shugabanninsu, jajis, malfa da jan ƙyalle. Malfar nan kuwa a da alamar Innar Gobir ce, uwar 'yan bori. Ta ɗauki hular da mata suka riga suka sani suna girmamawa, ta ɗora ta kan malama. Ni wannan dabarar tana burge ni ƙwarai, don ta nuna matar ta san cewa mutane da ido suke fara karɓar magana.

Amma abin da aka yi a Sakkwato bai game duwatsun arewacin Adar nan da nan ba. Ƙauyuka da dama sun daɗe bisa al'adun Azna, da bori, da tsafin gona, har cikin ƙarni na 20. Bafaranshiyar nan Nicole Echard ta yi shekaru tana rubuta wannan a Adar. Ko a gidajen da ake salla, matar da ke noma gamana, tana ɗebo ruwa a rijiya mai gaba ashirin, tana ɗauko itace daga dutse, ina za ta kai mayafi? Kulle da lulluɓi na matar da mijinta ke da mai yi mata aiki ne. Shi ya sa a bakin tsofaffi irin Kaka, "ta samu lulluɓi" kusan yana nufin ta samu hutu. Addini yana ciki, arziki ma yana ciki, kuma har yau ba a raba su ba.

Zuwan Faransawa a farkon ƙarni na 20 ya kawo abu biyu da suka canja akwatin mace: haraji da ake biya da kuɗi, da ƙyallen kanti. Kamfanoni irin su CFAO da SCOA suka cika kasuwanni da akoko da alawayyo masu araha, masaƙin ƙauye ya fara rasa aiki. Atamfa kuma, wadda yau muke kira kayan gargajiya har muna sa ta ranar al'adu a lakwal, asalinta kwaikwayon rinin mutanen Jawa ne na ƙasar Indunusiya, wanda masana'antun Holan suka koyi bugawa da inji; kamfanin Vlisco da ke Helmond tun 1846 yake. Ba su samu kasuwa sosai a can ba, suka same ta a gaɓar Afirka ta Yamma, daga nan ta hauro arewa.

Wa ya hauro da ita Adar? Mazanmu. Ƙasar nan ta dutse ce, damina gajera, haraji kuma ba ya jira. Ba'adare ya saba da tafiya bida tun da daɗewa, zuwa Nijeriya, da Gana, da Kamaru, da Libiya, musamman kuma Abijan. Bayan yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 tafiyar ta zama kamar wajibi ga duk saurayin da ke son aure. Mai dawowa kuwa da me za a gane ya samo? Da rediyo, da agogo, da akwati cike da turamen atamfa. Turmi guda yadi shida, zane uku. A nan lefe ya fara kumbura. Iyayen amarya suna ƙirga turame a gaban jama'a, a ware Holan gefe, a ware na Abijan, a ware na Kaduna da na masaƙar Yamai da aka sani da SONITEXTIL, kowanne da darajarsa, kuma kowace mace a wurin ta san farashin da ido. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda kayan ɗaki da tufafi suke zama jarin mace da ma'aunin mutuncinta. Haka abin yake a Tawa. Innarmu har gobe tana da turame huɗu da ba a taɓa sa musu almakashi ba. Da ƙanenmu ya kwanta asibiti, biyu daga cikin irinsu ta fitar aka sayar. Saboda haka in kun ga akwatin mace cike, kar ku yi saurin cewa tana da kayan sawa. Wani sashe asusu ne, wani na gudummawar bikin da ba a riga an sa ranarsa ba, wani kuma in ta ɗinka shi uwar miji za ta ce ta cika gaggawa.

Akwai wani hoto na Inna da aka ɗauka wajen 1982, zamanin Seyni Kountché, lokacin samariya da ƙungiyar matan Nijar ta AFN. Tana tsaye da ƙawayenta uku, riga da zane iri ɗaya, kallabi ɗaure can baya rabin kitso a waje, wuya a buɗe, babu mai mayafi ko ɗaya. Ɗaya ma siket ne a jikinta, ita ce 'yar lakwal ɗin cikinsu. Ranar da na nuna wa Inna hoton ta karɓe shi da sauri ta tura ƙarƙashin katifa, ta ce, "Ke, rufa mini asiri, lokacin jahilci na." Na ce, "Inna, ba ku salla a lokacin?" Ta ce suna yi mana, har azumin nafila. To ina jahilcin? Ba ta ba ni amsa ba. Abin ya tsaya mini a rai: mace ta kai shekara sittin tana jin kunyar shigar da uwarta da ubanta da limamin unguwarsu suka gani ba su ce komi ba.

A waɗannan shekarun dai, can wajen Keita, wasu matan suna cikin wata shigar daban. Aikin raya ƙasa na Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, na gina shingayen dutse da dasa itatuwa, mata ne suka ɗauki mafi yawansa, don maza sun tafi bida. Wata gwaggonmu da ta yi aikin ta ce zane suke ɗaurewa tamau, su ci ɗamara da tsohon kallabi, su yi gammo su ɗauki dutse tun safe, a biya su da abinci. Ba wanda ya tsaya yi musu wa'azin sutura a bakin dutsen, don kowa ya san abin da ya fito da su.

Daga 1990 abubuwa suka zo a jere, da sauri. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi maci a Yamai suna neman a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya babban taron ƙasa. Ranar ta zama ranar matan Nijar, kuma abin dariya, yau an fi saninta da zanen da ake bugawa dominta kowace shekara, wanda ma'aikaciya ba ta isa ta ce ba ta saya ba. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi, Holan ta fi ƙarfin yawancin gidaje. Masaƙun Kaduna suka bi suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, atamfar Sin ta cika Kantin Kwari ta Kano, daga can ta biyo ta Ƙonni ta iso mana. Bosho kuma ya samu shiga har gidajen da da suke raina shi. Tufa ya yi araha, ya yi yawa, ya daina daɗewa. Zanen da ake gada ya zama zanen da ke koɗewa a wanki uku.

A daidai wannan lokaci ne hijabi ya shigo. Ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi, ta buɗe makarantun Islamiyya na matan aure, ɗalibansu kuma suka fito da wannan ɗinkakken lulluɓi mai zagaye fuska, wanda ba ya zamewa kamar mayafi. Ta hanyar 'yan kasuwa da kaset-kaset na wa'azi abin ya ƙetaro Maraɗi da Ƙonni da Tawa, sakin marar da aka samu bayan taron ƙasa kuma ya ba ƙungiyoyin addini damar fitowa fili. Da farko hijabi alamar 'yan Izala ne, har wasu tsofaffin malamai suna ƙyamarsa. Cikin shekara ashirin ya zama na kowa, 'yar ɗarika da 'yar boko da mai tallan fura.

Dole in yi adalci a nan, don ni ma ina sa shi, kuma ba wanda ya ɗaure ni. Hijabi ya buɗe wa mata ƙofofi. Mazan da da ba su barin matansu fita sun bar su zuwa Islamiyya da asibiti albarkacinsa. Iyaye da yawa sun yarda ɗiyansu mata su ci gaba da lakwal saboda shi. Yana kuma rufa asirin talauci: yadi uku na ƙyalle mai araha ya lulluɓe tsohuwar riga, ki shiga taro kanki tsaye. Da yawa kuma suna sa shi don Allah, tsakani da gaskiya, kuma ba hurumin kowa ba ne ya tuhumi zuciyarsu. Amma ba da lallashi kaɗai ya yaɗu ba. A 1992, da ruwan sama ya yi jinkiri, an far wa mata a Damagaram ana cewa shigarsu da halinsu ne suka hana ruwa. A watan Nuwamban 2000, da Alphadi ya kawo bikin nunin tufafinsa na FIMA kusa da Yamai, bayan na farko da aka yi a hamadar Agadas a 1998, zanga-zanga ta ɓarke a Yamai da Maraɗi. A Maraɗi an ƙona wurare, an kai wa mata marasa aure hari, gwamnati ta rushe wasu ƙungiyoyin addini. Waɗanda suka yi nunin baƙi ne da manyan mutane, sun hau jirgi sun tafi. Waɗanda suka ji a jikinsu matan unguwa ne da ko hoton bikin ba su gani ba. Labari irin wannan ko bai faru a garinku ba yana isowa, kuma kowace uwa ta ɗauki darasi. Gwamnati ba ta taɓa kafa dokar sa hijabi a Tawa ba. Tsoron bakin mutane da na yaran titi ya wadatar. Sai ga shi kuma a 2015, bayan hare-haren ƙunar baƙin wake, hukumomin Diffa sun hana rufe fuska gaba ɗaya. Nafata ya ce a cire, jama'ar Shehu sun ce a sa, masu wa'azi sun ce a ƙara tsawo, soja sun ce a buɗe fuska. A duk cikinsu ban ga inda aka tara mata aka tambaye su ba, ko da batun zafi ne, a garin da watan Afrilu ke wuce digiri 40 kuma yawancin hijaban kasuwa na roba ne.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, hijabi bai kashe kwalliya ba, ninka ta ya yi. Yanzu mace shiga biyu take yi a fita ɗaya: ta hanya da ta cikin gida. A titi a gan ta kamila, in ta shiga cikin mata ta cire a ga ɗinki. Kuma hijabin kansa ya shiga yayi, sai ya dace da kalar atamfa, da takalmi, da jaka. Ga abaya daga Dubai da Makka, ga laffaya da muka gani wurin Larabawa da Barebari, ga shadda Getzner mai tsadar tsiya, ga ɗinkin da aka gani a fim ɗin Kano daren jiya an ɗauki hotonsa an kai wa tela. Ga kuma anko, wanda ya mai da kowane biki haraji: ƙawar amarya ta fitar da zane, ki saya ko a ce ba ki ƙaunarta, ki sa shi sau ɗaya, shi ke nan an gan ki da shi. Kakarmu ta ɗaura zane ɗaya shekara goma ba wanda ya ƙirga. Yau waya tana ƙirgawa.

To mu koma ɗakin Yaya, in gaya muku abin da ke bisa gadon nan ɗaya bayan ɗaya, yadda ita ta bayyana mini tana kusan kuka. Ankon bikin yana nan, amma tela ya matse shi a ƙirji, ya kuma kawo shi da safiyar ranar, babu lokacin gyara. In ta sa, uwar mijinta da ƙannensa suna wurin. Akwai shadda ruwan toka da mijin ya aiko daga Abijan, inda yake shekara ta uku ke nan; in ta sa, dangi za su ce ashe kuɗi na shigowa take kukan babu, kuma akwai wadda ke bin ta bashin jika goma sha biyar da za ta zo bikin. Akwai leshin da ta sa a sunan watan jiya, hotonsa yana wayar kowa. Akwai dogon hijabi har ƙasa da take zuwa Islamiyya da shi. In ta je da shi ƙawaye za su ce ta zo ta'aziyya ne ko biki, in kuma ta je da ɗan gyale malamarsu maƙwabciyar gidan bikin ce. Akwai doguwar rigar bosho da ta fi kowanne yi mata kyau, ita ma ta sani, amma wa zai je bikin dangi da bosho? Sauran kuwa turame ne da ba a ɗinka ba. Matar da mijinta ke nesa ido ya fi yawa a kanta: in ta yi ado a ce don wa, in ba ta yi ba a ce an yasar da ita.

Na ce, "Yaya, ke wanne kike so?" Ta dube ni kamar na yi mata Faransanci. Ta ce, "Ina ruwan buki da abin da ni ka so?"

Kaka ce ta raba gardamar. Ta taso da sandarta ta tsaya bakin ƙofa, ta ƙare wa gadon kallo, ta ce, "Kishiya, rana tana faɗuwa. Ɗauki atamfag ga mai ganye, ki yafa babban mayahi, ki tahi. Wadda duk tac ce miki wani abu ki ce ni na ce." Atamfar tsohuwa ce, tun ta lefe, ba mai tsada ba, ba kuma ta banza ba. Yaya ta sa, ta ninke hijabi ta tura cikin jaka saboda dawowar dare bisa kabu-kabu. Ita Kaka zanenta na kullum ta gyara, ta yafa wani farin ƙyalle da ya sha wanki, ta riga mu fita. A wurin bikin ba wanda ya dubi abin da ta sa, sai durƙusawa ake ana gaishe ta.

Mun isa an gama rabon abinci. Uwar mijin Yaya ta dube ta sama da ƙasa, ta amsa gaisuwa, ba ta ce komi ba. Ƙawar amarya ta tambayi ina anko, Yaya ta ɗora wa tela laifi, aka taru aka tsine wa teloli. Aka yi hotuna. Kafin mu iso gida bayan isha'i saƙon murya ya shigo wayarta daga Abijan, wani ya riga ya tura masa. Muna tsakar gida ta kunna, muka ji shi yana cewa, "Na ga hoto, kin yi kyau. Amma ina shaddad da na aiko miki, ko ba ki son ta na?"